Lacca Kan Tsiron Tillandsia utriculata da Ƙwaron da Ya Addabe Shi a Florida

Assalamu alaikum. Tsiron da za mu tattauna a kansa yau ɗan'uwan abarba ne, sai dai shi galibi ba a ƙasa yake tsirowa ba, a kan reshen itace yake rayuwarsa. Kada ku ɗauke shi kamar kauci, domin kauci yana tsotsar itacen da ya hau, shi kuwa wannan wurin zama kawai yake nema. Ganyayensa suna haɗuwa su yi kamar kwano, ruwan sama da busassun ganye su taru a ciki, daga nan yake samun abinci. Ku leƙa cikin kwanon, za ku tarar da tsutsar sauro da ƙananan halittu suna iyo.

A jihar Florida ta Amurka, wannan tsiro yakan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya yi fure, kuma sau ɗaya tak yake yi, ya saki dubban iri masu gashi kamar audugar rimi, iska ta kwashe su, sannan ya mutu. Kaɗan ne ke dacewa da ɓawon da za su maƙale, mafi yawa a ƙasa suke ƙarewa.

A shekarar 1989 aka fara ganin wani ƙwaro ɗan asalin Meziko, mai suna Metamasius callizona, a Florida, bayan ya shigo cikin tsirran ado da aka yi safararsu. Tsutsarsa tana huda zuciyar tsiron, ta cinye wurin da sabon ganye ke fitowa, har tsiron ya ɓalle ya faɗo.

To, a nan nake so ku natsu. Manyan tsirrai tsutsar take nema, domin ƙananan ba su da naman da zai ishe ta. Saboda haka mai ƙidaya zai iya shiga daji ya ga ƙanana birjik a kan rassa, ya rubuta cewa lafiya lau, alhali waɗanda suka kusa yin iri duk an gama da su. A ganina, ƙidayar da ba ta raba manya da ƙanana ba ɓata takarda ce. Ɗan'uwan wannan tsiro, Tillandsia fasciculata, ya fi shi juriya, domin yana fitar da 'ya'ya daga gindinsa, ko uwar ta mutu su ci gaba.

An gwada sakin wani ƙuda daga Honduras mai kashe tsutsar tun 2007, amma bai zauna a dajin ba. Yanzu masu aikin sa kai kan kwashe tsirrai su rene su cikin keji, idan sun yi iri a mayar da irin kan itatuwa.