Jawabin Maraba ga Mai Girma Ɗan Majalisar Tarayya, daga Kwamitin Jin Daɗin 'Yan Kwana-kwana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma ɗan majalisa, iyayenmu hakimi da dagatai, shugabannin 'yan kasuwa, 'yan'uwa ma'aikata, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ayyukanka a mazaɓar nan ba sa buƙatar sanƙira, kowa ya gani da idonsa, shi ya sa ba za mu cinye lokacinka da kirari ba. Kukanmu za mu fara kawowa tun kafin shayi ya huce: a ƙaro mana ma'aikata.

Ka san garin da muke tsaro, Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi ke karɓar fatake daga Agadas da Borno da Gwanja. Yau ga Kantin Kwari da atamfofinta, ga Singa, ga Dawanau da hatsin da ke ciyar da ƙasashe maƙwabta. Dukiyar da ta taru haka, wuta ba ta nesa da ita. Ba wanda ya manta gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, da ta lashe dubban shaguna. Kuma aikinmu bai tsaya ga wuta ba. Yaro ya faɗa rijiya, mu ake kira. Kududdufi ya ci mutum da damina, mu ne. Tankar mai ta kife, mu ne. Sai an makara minti goma a tare mu da jifa.

Ranka ya daɗe, sau da yawa motarmu kan fita da mutum uku, har da direba. Shi direba yana kan famfo, ba ya motsawa. Saura biyu su ja mesa, su kafa tsani, su fasa ƙofa, su ɗauko wanda hayaƙi ya sumar. Mesa cike da ruwa ba wasa ba ce, kowace lita kilo guda ce. Jama'a na zaton ƙuna ce babban raunin ɗan kwana-kwana, alhali abin da ya fi kwantar da mu shi ne targaɗe da ciwon baya da gocewar kafaɗa, raunin wanda ya ɗauki kayan mutum biyu shi kaɗai. Idan ya kwanta jinya, abokinsa ya rufe gurbinsa, ya kwana aiki ya wuni aiki, ga hunturu lokacin da gobara ta fi yawa. Mai gyangyaɗi a kan tsani kuwa, shi ne majinyaci na gaba. Manyanmu da suka san halin wuta suna ta ritaya, yaran da za su koya a hannunsu ba a ɗauko su ba.

A Amurka an gwada abin. Hukumar NIST, mai kula da ma'aunai da fasaha a ƙasar, ta fitar da rahoto a 2010 cewa ayarin mutum huɗu ya kammala muhimman ayyukan kashe gobarar gida da saurin da ya zarce na mutum biyu da kashi 30 cikin 100, ya zarce na mutum uku da kashi 25. 'Yan kwana-kwanan can suna kuma da ƙa'idar cewa in biyu suka shiga cikin hayaƙi, wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su. Mu in biyu sun shiga, sai Allah.

Muna buƙatar tukwanen iskar numfashi da rigunan kariya, da a riƙa ɗauke wa wanda ya ji rauni kuɗin magani. Amma ko an kawo mana sabuwar mota gobe, ba mu da waɗanda za su hau ta. Don girman Allah, idan an zo zaman kasafin kuɗi, ka tsaya mana a kan ɗaukar ma'aikata da horar da su, ko da mutum huɗu ne a kowace mota, dare da rana.

Bayan addu'a, muna roƙon ka leƙa ɗakin kwananmu ka duba allon jadawalin aiki na wannan wata. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Jin Daɗin Ma'aikata