Amsoshin Tambayoyinku: Yatsu da Tsirkiyar Jita

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan jita suka zo mana, to bari mu shiga kai tsaye.

Ta farko daga Ƙauran Namoda take. Wani matashi ya ce ya sayi jita ta hannu a Gusau, amma duk sanda ya danna tsirkiya sai ta riƙa ziza kamar ƙudan zuma, ga yatsunsa sun yi jawur suna zogi. Yana tambaya ko jitar ce ba ta da kyau.

To ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa jita laifi, duba inda kake dannawa. Wuyan jita yana da ƙarafa a gicciye da suka raba shi gida-gida. Ba a bisa ƙarfen ake dannawa ba, dab da bayansa ake sa kan yatsa. Ka yanke farcen hannun hagu ƙwal, babban yatsa kuma ya zauna a bayan wuyan.

Sannan ga atisayen da zan ba ka. Ka fara da tsirkiya mafi kauri. Manuniya a gida na 1 (daga can kan jitar ake fara ƙirga gidajen), yatsan tsakiya a na 2, mai bi masa a na 3, ƙaramin yatsa a na 4. Ka kaɗa kowanne sau ɗaya, ka sauka tsirkiya ta gaba, har ka gama duka shida, sai ka komo sama. In kana da agogon bango mai ƙara, bi shi: kowace daƙiƙa sauti ɗaya, wato 60 a minti. Na san za ka ce wannan ai tafiyar hawainiya ce. Haka ake so. Wanda ya koyi kuskure da gudu, da gudu zai riƙa maimaita shi, kuma cire shi daga yatsa ya fi koyon sabo wuya. Ƙaramin yatsan nan zai yi maka gardama, zai riƙa miƙewa sama shi kaɗai. Kada ka tsallake shi. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Zogin kan yatsa kuwa zai tafi idan fatar wurin ta yi kanta, cikin 'yan makonni. Amma in a wuyan hannu kake jin suka, ajiye jitar ka huta.

Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi ta ce da hunturu jitar ɗanta ba ta riƙe saiti. Hajiya, katako ne, bushewar iska tana taɓa shi. Ya riƙa mayar da ita jaka, kada ya bar ta a rana, ya kuma saita ta duk sanda zai fara.

Wasiƙar da ta fi burge ni daga Argungu ta zo, daga wani dattijo mai kaɗa molo, yana tambaya ko shekaru sun wuce masa koyon jita. Baba, ai kai ka riga ka ci rabin tafiya. Hannunka na dama ya san kiɗa, kunnenka ya san sauti. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe salonsu ya zuba a jita. Ka ɗauki kiɗan da ka fi sani a molo, ka lalubo shi a tsirkiya biyu kacal, sauran huɗun su jira. In yatsu sun ji jiki, nemi jita mai tsirkiyar nailan, ta fi ta ƙarfe taushi.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.