Korona da Gidajen Jinyar Tsofaffin Sojojin Amurka: Haɗarin da ke Ranar Sallama

[Hoto: doguwar baranda, ƙofofi a rufe]

Tambayar da ke ta yawo ita ce: mai fama da shan ƙwaya da ya yi makonni a kwance a gidan jinya bai sha komai ba, jikinsa ya wanke, mene ne abin tsoro don an sallame shi da wuri a lokacin korona? Ai ya warke. To jama'a, a nan ake tuntuɓe.

Sauran bayanin gajere ne. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, VA, tana da gidajen jinya inda mai fama da shaye-shaye yake kwana, ya ci abinci, ya zauna tattaunawa da 'yan uwansa, galibi na makonni. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annoba. Ɗakin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya, gadaje suka ragu, wasu wuraren suka dakatar da karɓar sababbi, wanda aka karɓa kuma sai gwaji da killacewa. Ziyara ta tsaya. Zaman rukuni ya koma manhajar VA Video Connect, inda mutum zai ɗauko maganar da ta fi ci masa rai, sai hoto ya daskare.

[Hoto: zanen ƙwaƙwalwa da huhu]

Ku kula da nan. Heroyin, fentanil da magungunan ciwo danginsu suna danne sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashi. Mai sha kullum jikinsa yana sabawa, har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kashe wanda bai taɓa sha ba. Wannan sabon da jiki ya yi ba ya daɗewa: cikin 'yan kwanaki da dainawa yake fara zubewa, bayan makonni kuwa ya yi ƙasa sosai. Sha'awar ba ta tafi ba, kuma hannu bai manta ma'aunin da ba. Sai mutum ya koma gida, ya auna abin da ya saba, jikin da zai karɓa kuwa ba na da ba ne. Numfashi ya yi sanyi, leɓe ya canza launi, a ji wani irin minshari, 'yan gida su ɗauka barci yake.

Ku ƙara abu uku a kai. Kasuwa ta cika da fentanil, wanda ƙarfinsa kan kai ninki 50 na heroyin. Tsofaffin sojoji da yawa suna fama da ciwon jiki mai naci ko firgicin yaƙi, kuma haɗa waɗannan ƙwayoyi da giya ko maganin barci yana ƙara danne numfashi. Sannan kulle ya sa mutane suna sha su kaɗai, babu mai gani balle ya kawo ɗauki.

[Jadawali: mace-macen zarce ƙima wajen shan ƙwaya a Amurka baki ɗaya]

Kimanin 70,000 a 2019, kusan 92,000 a 2020, sama da 106,000 a 2021.

Shi ya sa sallama ba ta cika sai da abu uku a hannu. Na farko, magani irin su bufirenofin ko metadon, masu rage sha'awar ƙwaya, a fara shi tun mutum yana ciki, a daidaita masa adadi. Bufirenofin yana da sharaɗi: sai alamun janyewa, wato azabar da jiki ke shiga in ya rasa ƙwayar, sun bayyana, kamar awa 12 ko fiye bayan shan ƙarshe, in an yi gaggawa shi da kansa zai jawo azabar. Na biyu, ranar ganin likita a rubuce, cikin mako guda. Na uku, Narcan, maganin feshin hanci mai miligiram 4 da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, kuma a koya wa na gida, tunda wanda ya suma ba ya fesa wa kansa. A fesa a hanci ɗaya, a kira lambar gaggawa ta Amurka, 911, in minti biyu zuwa uku sun wuce bai farfaɗo ba a ƙara a ɗaya hancin. Aikinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, asibiti za a je.

[Hoto: kwalaben magani a jaka]

Gwamnati ta sassauta. A Maris 2020 hukumar SAMHSA, mai kula da harkar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ba da damar tafiya gida da metadon na kwana 28 ga wanda ya daidaita, 14 ga wanda bai gama daidaita ba, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, DEA, kuma ta yarda a fara bufirenofin ta bidiyo ko waya. A ganinmu abin da ya kamata a yi tuntuni ne, sai da annoba ta tilasta. A 2024 aka mayar da sassaucin metadon doka ta dindindin.

Giya kuwa nata haɗarin a farko yake. Wanda ya daɗe yana sha sosai, ya rasa gado a gidan jinya, ya ce zai daina a gida lokaci guda, yana iya samun jijjiga cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai kisa kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Wannan aikin likita ne. Tsohon soja da ke Amurka yana iya kiran layin agajin gaggawa 988 ya danna 1, dare ko rana.