Bayan Sa Ya Wuce

Hadiza: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Malam Sani ya zo mana da wasu kalmomin Sifaniyanci guda 3 da suka hana shi barci.

Malam Sani: Wallahi kuwa, Malama. "A toro pasado", wato bayan sa, bijimi ke nan, ya wuce. Na ci karo da su a wani rubutun falsafa da nake mayarwa Turanci.

Bashir: Malam, ai Bature yana da "hindsight", gane abu bayan ya faru. Har yakan ce irin wannan gani 20/20 ne, kamar a gwajin ido.

Malam Sani: Nan gizo ke saƙar, Bashir. Maganar daga filin wasa da bijimi ta fito. Gwani yakan tsaya daram har ƙaho ya gifta ta jikinsa. Wani kuwa sai ƙahon ya wuce sannan ya gyara tsayuwa yana nuna bajinta. Ka ga akwai zargin tsoro a ciki. Kalmar Bature kuwa ido kawai ta sani, ba ruwanta da ƙaho.

Hadiza: Duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho na mahauta zai gane wannan nan take.

Malam Sani: Sosai. Har sukan ƙarasa ta da cewa idan sa ya wuce, kowa Manolete ne. Shi ne shahararren ɗan wasan nan da sa ya soka a garin Linares na Sifaniya a 1947, ya mutu. Kin ji nauyin sunan.

Bashir: To a ɗauko ta Amurka mana, "Monday morning quarterback", mai gyara wasan ƙwallon Amurka na Lahadi ranar Litinin. 'Yan Ajantina ma suna cewa "da jaridar Litinin a hannu".

Malam Sani: Ta fi kusa, amma ɗan kallo take nufi. Wancan kuwa yana cikin fili, gaban san ne ya ƙi tsayawa. Kuma ka sa ƙwallon Amurka a bakin masanin Sifaniya? Bai dace ba.

Hadiza: Ni abin da ke damuna daban ne, Malam. Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ya ce mujiyar Minerva, allahiyar hikima ta Romawa, sai da magariba take tashi, wato falsafa kullum a makare take zuwa. A wurinsa ba aibi ba ne. Idan marubucinka haka yake nufi fa?

Malam Sani: Da na rubuta "in retrospect", wato idan an waiwaya baya, na huta. Amma na karanta sakin layin sau da yawa, zargi yake yi, kamar mu ce ihu bayan hari. Shi ya sa na bar san a cikin Turancin, "once the bull has passed", na ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi.

Bashir: Edita zai yarda?

Malam Sani: Jiya na tura masa, ina jiran amsa.