Buhu 170 Na Ƙirga: Lacca Kan Tsare Gaskiya a Wurin Aiki

An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar wa ma'aikata a Zariya.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, na san wasunku daga Samaru suka taso, wasu daga Kongo da Tudun Wada, don haka kai tsaye zan shiga magana.

A ce kai ne mai kula da sito. An sauke takin zamani, takardar ɗan kwangila ta ce buhu 200, kai kuma ka ƙirga ka sami 170. Oga ya aiko a ce ka sa hannu, cikon yana hanya. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, wani ya sa hannu don kunya, wani ya fita baranda yana cewa an yi sata. Duka biyun kuskure ne. Na farko ya ɗauki bashin buhu 30 a wuyansa, ranar da odita ya zo sunansa zai gani. Na biyu ya faɗi abin da bai gani ba, domin ƙirga ya yi, bai ga ɓarawo ba.

Abin yi shi ne ka kira mutum na biyu ku sake ƙirgawa a gaban direban motar, a jera buhunan goma-goma yadda ido zai iya bi. Sannan ka rubuta a jikin takardar karɓar kayan: "Na karɓi buhu 170", da kwanan wata da lokaci, ku sa hannu ku uku. Da biro, kada ka yarda da fensir. Kada ka bar fili tsakanin rubutunka da sa hannunka, nan ake cusa layi. In za ka kai wa na gaba da kai, ka ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da muka ƙirga, ina neman umarni a rubuce." Ba ka zargi kowa ba, ba ka kuma yi ƙarya ba. Umarnin da mai shi ya ƙi rubutawa, galibi ya san ba zai iya kare shi ba.

Takardar nan ta shiga fayil, a ba ta lambar shafi, kai ma ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Shafin da ba shi da lamba, zare shi ba wuya.

Wannan na ƙirga ne, da sauƙi. Mai wuya shi ne son rai, don ba ya zuwa da siffar ƙarya. Zuwa yake da "ai ɗan unguwarmu ne", ko "mutanen can ba a ba su amana". Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye da dangi, kuma sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko asalin mutum. To a kwamitin ɗaukar aiki ko ƙarin girma, a tsayar da ma'auni da makin kowanne kafin a buɗe sunaye. Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, ya sa hannu, sannan a tattauna. Shugaba kuma ya yi magana a ƙarshe. Wallahi da zarar ya fara cewa "yaron nan ya burge ni", an gama, sauran za su bi ne kawai. In ba ka yarda da matsayar ba, ka nemi sakatare ya rubuta saɓaninka da dalilinsa, ka kuma duba bayanin taron kafin a amince da shi a zama na gaba.

Kada ku ɗauka a ƙasarmu kaɗai ake danne masani. A Amurka, injiniya Roger Boisjoly ya yi gargaɗi a rubuce tun 1985 kan robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger. Daren jajibirin harba kumbon shi da abokan aikinsa suka ce kada a harba cikin sanyi, manya suka bi jadawali. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, mutum bakwai suka mutu. Rubutunsa yana cikin abin da kwamitin bincike ya duba.

In cikin gida ya gagara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, akwai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, rikicin kora ko dakatarwa kuma na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne. Tsarin tona asiri na Disamba 2016 ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, amma ku lura, a matsayin tsarin Ma'aikatar Kuɗi ya fito, ba dokar majalisa ba. Saboda haka ka shirya wa takardar tuhuma ko canjin wurin aiki. In tuhumar ta zo, ka amsa cikin wa'adin da aka ɗiba maka, batu bayan batu, ka haɗa kwafin takardunka, ka sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago a ranar. Kada ka ɗora takardar ofis a Facebook ko WhatsApp, domin daga nan za a bar zancen buhu 30 a koma kan laifinka na fitar da sirrin aiki.