Ya turo aiki da kuskure: ka gyara masa ko ka mayar masa?

Assalamu alaikum. Tun da shirin 3MTT, na gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani, ya fara a 2023, ga kuma ɗaliban Kadpoly da KASU da ke zuwa neman sanin makamar aiki, masu haɗa manhaja da dama a Kaduna suna da ƙane ko ƙanwa mai koyon aiki a ƙarƙashinsu. Gardamar da ake ta yi a zaurukan WhatsApp ita ce: idan sabon shiga ya turo aiki da kuskure, wa zai gyara?

Matakan farko ba su da wuya, ga su nan. Ranar farko manhajar ta tashi a kwamfutarsa. A ba shi ƙaramin aiki na kwana biyu. Ya buɗe reshensa, wato nasa kwafin aikin, a Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi, kada ya taɓa babban reshe, kuma ya riƙa tura aikinsa GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin, kafin a ɗauke wuta batir ya mutu. Rabin awa a mako ku zauna ku biyu. To, mu je wurin da ake tafka kuskuren.

Ga misali. Shafin biyan kuɗi ne, an haɗa shi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Mai saye zai biya naira 5,000, yaro ya tura 5000. Amma Paystack da kobo yake lissafi, saboda haka naira 50 kacal za a cire. Oga ya gani, ya ninka da 100, ya haɗe aikin da babban reshe, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Manhaja ta gyaru, yaro bai ma san ya yi kuskure ba. Mako na gaba a ba shi sashen mayar wa mai saye kuɗinsa, sai ya maimaita shi sak. A ganina wannan gyaran na Oga ya fi kuskuren yaron tsada.

Abin da ya kamata shi ne ka ɗauke hannunka daga kibod, ka bar masa sharhi a kan layin. Ba irin wannan da kuke gani ba: "Ba daidai ba ne, gyara." Wannan tsorata shi kawai zai yi. Ga na kirki: "Ƙanena, Paystack kobo yake karɓa, ba naira ba. In mai saye zai biya naira 5,000, nawa ya kamata mu tura? Ka rubuta gwajin da zai kama wannan idan wani ya sake ɓata shi." Ka nuna masa wurin, ka faɗa masa dalili, amsar kuma ka bar masa ya nemo. Idan ya dawo, ka sa shi ya rubuta 0.1 + 0.2 a yaren kwamfuta na JavaScript ko Python. Zai ga 0.30000000000000004, kuma daga ranar zai gane dalilin da ya sa ake ajiye kuɗi a kobo, da cikakkiyar lamba.

Sai kuma batun kunya, wanda namu ne. Tarbiyyarmu ba ta barin ƙarami ya ce wa babba bai fahimta ba. Za ka ji "To Oga, na gane," alhali kansa ya ɗaure. Kada ka tambaye shi ko ya gane. Ce masa, "Zo ka yi min bayanin wannan layin kamar ni ne baƙo." Inda ya fara in'ina, nan ne darasin yake. Kuma ka yi wannan ku biyu, ba a gaban dukan ofis ba.

Girman aikin ma yana da tasiri. Ƙa'idojin duba aiki na Google sun ce canjin layi 100 daidai ne, layi 1,000 kuwa galibi ya yi yawa, kuma kada amsa ta wuce ranar aiki ɗaya. Idan ya turo maka tuli, ka ce ya rarraba shi. Sharhi talatin a aiki ɗaya karya gwiwa yake yi. Zaɓi uku ko huɗu masu muhimmanci, sauran ka rubuta a gabansu "ra'ayi ne kawai," don ya san wanne ne dole.

Wuri ɗaya ne za ka sa hannu nan take: idan ya tura mabuɗin sirri na Paystack, lambar da ke ba da ikon sarrafa asusun, zuwa GitHub. Goge layin ba ya wadatarwa, domin Git yana riƙe da tarihin komai, duk mai iya shiga ma'ajiyar zai iya tono shi. Shiga shafin Paystack ka soke mabuɗin, ka fitar da sabo. Bayan haka ka kira shi, ka miƙa masa kibod, shi da kansa ya mayar da mabuɗin cikin fayil ɗin .env, inda ake ajiye bayanan sirri, ya kuma rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba.