Tarihin tsohon soja: a tambaye shi tun yana da bakin amsawa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Idan tsohon soja ya rasu a ƙaramin gari bayan shekara casa'in da wani abu, sanarwar kusan iri ɗaya ce: ya yi aikin soja, ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Layi uku, an gama da mutum. Galibi iyakar abin da iyalin suka sani ke nan, domin babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi. Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya sa kaki yana ɗan shekara 18 a 1945, shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu, haihuwar 1927 ne. Waɗanda suka je yaƙin Koriya tsakanin 1950 da 1953, ƙananansu ma sun kai casa'in.

Abu na farko da za a nema shi ne lambarsa ta soja. Magatakarda yana iya rubuta suna da kuskure, ana kuma iya samun masu suna ɗaya a bataliya ɗaya, amma lamba ta mutum guda ce, da ita ake binciko fayil. A haɗa da sunan rundunarsa, muƙaminsa, ranar shiga da ranar sallama. Duk suna cikin takardar sallama, wadda a Amurka ake kira DD-214 tun 1950.

Kada a ce ai gwamnati tana da kwafi. Ranar 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a rumbun takardun soja da ke St. Louis a Amurka, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, kuma babu kwafinsu. A Landan ma, bam ɗin Jamus ya ƙone fiye da rabin takardun sojojin yaƙin duniya na ɗaya a Satumbar 1940. Ke nan takardar da ke ƙasan akwatin tsoho tana iya zama ita kaɗai ta rage a duniya.

A nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Sai a ga takarda ta tsufa, a kai ta a rufe da leda mai zafi. Zafin da gam ɗin suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya ɓarewa daga baya. Salatif yana barin tabo ruwan ɗorawa, fil da ƙusar haɗa takarda suna tsatsa su ci gefe. A warware ta a hankali, a ɗauki hotonta gaba da baya, a ajiye ta a shimfiɗe inda babu danshi. Hotuna kuwa, a rubuta sunayen mutanen ciki a bayansu da fensir mai laushi, domin tawadar biro tana ɓullowa ta gaba.

Lambobin yabo ma suna da tarko. Waɗanda Birtaniya ta bayar na yaƙin duniya na ɗaya suna ɗauke da suna da lambar mai su, amma na yaƙi na biyu, irin su Burma Star da Africa Star, an raba su babu suna. Da zarar mai su ya kau, babu abin da zai nuna na wane ne sai ɗan rubutun da aka ajiye tare da su. Kada a dirje su da man goge ƙarfe, yana cinye zanen, kada kuma a yar da tsohon ƙyallen da ake rataya su da shi don ya koɗe.

Ɗaukar murya ba ta buƙatar fiye da waya. A toshe shigowar kira, a kashe fanka da talabijin, a ajiye wayar kamu ɗaya ko biyu daga bakinsa, a fara da faɗin kwanan wata da cikakken sunansa. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda. Tsoho yana gajiya, gara a dawo gobe. Shirin tattara tarihin tsofaffin sojoji da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2000 ba ya karɓar hirar da ta gaza minti 30, wannan ma'auni ne mai kyau.

Kada a buɗe da tambayar ko ya taɓa kashe mutum. Nan take zai rufe baki. A tambaye shi wa ya raka shi ranar tafiya, wane irin takalmi aka ba su, wa yake rubuto masa wasiƙa. In ya yi shiru, a bar shi, sau da yawa maganar gaske tana bayan shirun. In ya rikita shekara, kada a katse shi, a rubuta gyaran daban.

A ganinmu, babban kuskure shi ne tsayawa a yaƙi. Kakin shekara uku ne ko huɗu, sauran shekara saba'in da ɗoriya a gari ya yi su: sana'ar da ya kama da ya dawo, yadda ya gina gida, yadda ya yi wa 'ya'ya tarbiyya. Wannan ɓangaren maiɗakinsa ta fi kowa saninsa, don haka a yi mata tata hirar ita kaɗai, ba a gabansa ba.

Daga ƙarshe a yi kwafi uku, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. In za a tura hotunan ta WhatsApp, a tura su a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto har ƙananan rubutu su daina karantuwa.